Tara Sun Warke, Ina ta Goma?

Da zarar an gaya wa mace cewa gwaji ya nuna ƙwayar cutar HPV, wadda ke iya jawo sankara, a bakin mahaifarta, ko kuwa an ga naman wurin ya fara sauya kama, kafin ta kai gida ta riga ta ɗauki waya tana bincike. Can kuwa kasuwa a cike take maƙil. Wannan yana tallar garin saiwa, wancan ƙwayar bitamin mai tsada, wata ta tsara jadawalin abinci na wata uku, wata kuma matsi ne da ita wanda ta ce yana wanke mahaifa tas. Kowannensu da tarin shaidu a hannu: mata suna sa albarka, suna ɗaga takardar gwajin farko da ta biyu, a ta farko akwai cuta, a ta biyu babu.

Ban ɗauki matan nan maƙaryata ba. Na yarda mafi yawansu gaskiya suke faɗa. Sun sha abin, sun koma asibiti, an ce musu lafiya lau. Daga nan ne ma damuwata ta taso, domin cutar da jiki yakan kawar da ita da kansa, babu hajar da ta fi ta riba a wurin mai sayar da magani. Ko ruwan famfo ka ɗura a kwalba ka ce maganin HPV ne, kafin shekara ta zagayo ka tara shaidu.

HPV zuriya ce babba, ta haura iri 200. Ta hanyar saduwa take yaɗuwa, wani lokaci cuɗanyar fata kawai ta isa, kuma yawanta ya kai a ce kusan duk baligin da ya taɓa saduwa, mace ko namiji, zai gamu da ita a rayuwarsa, ya rabu da ita bai ma sani ba. Kimanin iri 14 ne ake tsoro, a cikinsu kuma biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano su a 1983 da 1984, lokacin da akasarin abokan aikinsa wata ƙwayar daban suke zargi, kuma sai a 2008 aka ba shi kyautar Nobel a kan aikin. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne wanda mai talla ba ya ambata: cikin mata goma da suka kamu, kimanin tara garkuwar jikinsu ce take share ƙwayar cikin shekara biyu, ba su sha komai ba. Ko an kai inda nama ya fara sauyawa, abin da likitoci ke kira CIN suna kasa shi mataki uku, komawa daidai ba baƙon abu ba ne. A mataki na farko, fiye da rabi sukan warware da kansu. A na biyu, wani nazari na 2018 da ya tattara bincike da dama ya nuna rabin matan sun warware cikin shekara biyu, a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 30 kuwa shida cikin goma.

To mu yi lissafi. Mata ɗari sun sayi garin saiwa. Tasa'in sun warke, yadda da ma za su warke ko ba garin, faɗuwa ta zo daidai da zama. Su ne za su turo saƙon godiya. Sauran goman fa? Ba sa jin ciwo, ba sa zubar jini, babu abin da zai sa su yi ƙorafi, domin wannan mataki shiru yake tafiya. Wasunsu ma ba za su koma gwaji ba, tunda an tabbatar musu sun sha magani. Ba dukkan goman ne za su kai ga sankara ba, amma daga cikinsu take fitowa. A jikin mace mai cikakkiyar garkuwa abin yana ɗaukar shekara 15 zuwa 20, a jikin wadda garkuwarta ta yi rauni kuwa shekara 5 zuwa 10. Ranar da jini zai fara zuwa bayan saduwa, ko bayan an daina al'ada, ko ruwa mai wari ya ƙi tsayawa, mai maganin ya daɗe da sauya sunan hajarsa, kuma babu wanda zai tuna ya haɗa wannan da wancan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kimanin 660,000 suka kamu da wannan sankara, kimanin 350,000 suka rasu, fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Kusan dukkansu sun yi shekaru suna cikin matakin da aikin 'yan mintoci ya isa ya tare abin.

Mun san abin da ke faruwa idan aka bar mataki na uku haka nan, kuma ta hanya mai muni muka sani. A 1966 wani likita mai suna Herbert Green, a babban asibitin mata na birnin Okland a ƙasar Niyu Zilan, ya tsaya a kan cewa wannan sauyi ba ya rikiɗa ya zama sankara. Sai ya riƙa barin wasu mata ba tare da cikakken magani ba, yana duba su lokaci lokaci, ba tare da an nemi yardarsu ba. Sai a 1987 aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Silvia Cartwright, bayan wasu sun riga sun rasu. Da aka sake bin bayanan matan a 2008, an ga kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka bari sun kamu da sankara cikin shekara 30, alhali a cikin waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata ba a kai ɗaya cikin ɗari ba. A lura, a wancan asibiti ma biyu cikin uku ba su kamu ba. Da Green yana sayar da tsimi, da yana da shaidu masu yawa. Duk mai ce wa mace mai CIN mataki na uku ta bar asibiti ta koma kan ganye da azumin gyaran jiki, aikin Green yake maimaitawa, sai dai shi ko littafin rubuta sunayen matan ba ya ajiyewa.

Za a ce, to abinci fa, ba shi da wani tasiri ke nan? Yana da shi, amma ya kamata a faɗi iyakarsa. An yi nazari da yawa da suka nuna matan da ke yawan cin ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa, waɗanda jininsu ke da isasshen folik asid da bitamin C da sinadaran da ke sa kayan lambu launin ja da ruwan ɗorawa, ƙwayar ba ta cika daɗewa a jikinsu ba. Matsalar irin wannan nazari ita ce, macen da ke samun kayan lambu kullum, sau da yawa ita ce mai ɗan hali, ita ce ba ta shan taba, ita ce ke zuwa asibiti a kan lokaci. Wanne daga ciki ya kare ta? Hanya ɗaya ce ta rarrabewa: a raba mata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa kashi ɗaya sinadarin, a ba wa ɗayan ƙwayar da babu komai a cikinta, kada kowa ya san abin da yake sha, sannan a duba. An yi haka da folik asid a Amurka a shekarun 1990, an yi da beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, a ƙasashe daban daban, babu wani bambanci na a zo a gani. Beta-karotin ɗin ma ya bar darasi mai ɗaci a wani wuri: a Finlan an ba wa maza masu shan taba fiye da 29,000 ko dai shi ko wanin sa, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin masu shan sa. Abin da yake da amfani a cikin karas, da aka ware shi aka dunƙula a ƙwaya aka ninka yawansa, sai ya zama wani abu daban.

Labarin sinadarin kabeji da burokoli ya fi kowanne koya mini hattara. A shekarar 2000 aka buga wani gwaji na mata 30 kacal, inda kusan rabin waɗanda suka sha sinadarin suka warware, a ɗaya ɓangaren kuwa babu ko ɗaya. Har yau wannan gwaji ake liƙawa a jikin talla. Abin da ba a liƙawa shi ne wanda aka yi a Birtaniya aka buga a 2012, da mata fiye da 500, da wani sinadari ɗan'uwansa da jiki ke samarwa daga shi, inda ba a ga wani amfani ba. Yanzu kuma wani sinadari da ake tatsa daga naman kaza na Japan, mai suna AHCC, shi ke tashe, bisa wani gwaji na mata 50 a jihar Teksas. Ban ce ba ya aiki ba, ina ma a ce yana yi. Na ce mata 50 dalili ne na a yi babban gwaji, ba su kai dalilin da zai sa mace ta ɗage ranar da aka ba ta a asibiti ba.

Matsayina a kan abinci mai sauƙi ne. A ci ganye, a ci 'ya'yan itatuwa, a ci wake da dangoginsa, a samu abin gina jiki daidai hali, domin garkuwar da ke share ƙwayar nan ba ta aiki da yunwa. Amma wanda yake neman abin da mace za ta yi da hannunta wanda tasirinsa ya tabbata, ba a kantin ƙwayoyin bitamin zai same shi ba. Shan taba yana kusan ninka haɗarin sankarar bakin mahaifa, kuma an samu sinadaran taba a cikin majinar bakin mahaifar masu sha. Wani bincike a Landan a 1996 ya nuna mafi yawan matan da suka daina ko suka rage sosai, tabon da ke wurin ya ragu. Macen da ke ɗauke da HIV kuwa haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida, don haka sanin matsayinta da riƙe maganinta ba fashi ya fi mata duk wani jiƙo. Waɗannan ba sa kawo wa kowa ciniki, shi ya sa ba a tallata su.

Kada a ɗauka ina gaba da ganye. Wanda ya san tarihin maganin sankara ba zai raina itace ba. Paclitaxel, ɗaya daga cikin magungunan da ake ƙara wa mai sankarar bakin mahaifa a ruwa, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi. An sassaƙo ɓawon a 1962, ba a amince da maganin ba sai 1992. Shekara talatin ɗin nan su ne bambancin: a ware sinadarin, a san nauyinsa, a gano adadin da ke kashe cuta da adadin da ke kashe mutum, a gwada a kan dubban marasa lafiya, a rubuta illarsa a takarda. Wani maganin, topotecan, asalinsa wata bishiya ce ta ƙasar Sin. Daga koren shayi aka yi wani man shafawa da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006 domin tsiron da wasu nau'o'in HPV ke fitarwa a fatar al'aura ta waje, amma wannan bai sa shan koren shayi ya zama maganin bakin mahaifa ba. Har sinadarin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, wanda shi ma daga ganye ya fito, ana gwada shi yanzu a matsayin matsi ga masu CIN. Idan ya ci jarrabawa zan fi kowa murna, don zai kai wuraren da na'ura ba ta kai ba. Kuma abin da ya fi ba ni sha'awa, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi ceton rai a ƙasashe marasa ƙarfi ruwan khal ne kawai: ma'aikaciyar lafiya ta shafa shi a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, wurin da ya lalace ya yi fari. A birnin Mumbai na Indiya an bi mata kimanin 150,000, wannan gwaji ya rage mace-mace da kashi 31 cikin 100. Khal ɗin nuna cutar yake yi, ba ya warkar da ita, kuma ba a gida ake yin sa ba.

Ganyen da ba a auna ba kuwa yana da nasa tarihin. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sa masa wani tsiro mai suna Aristolochia, wasu daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Akwai wani fure mai ruwan ɗorawa da ake sha a Turai domin damuwa, wanda yake rage ƙarfin wasu magungunan HIV da na kemo, wato magungunan kashe sankara, da na tsarin iyali a cikin jini. A kan bakin mahaifa kai tsaye, akwai masu shafa wani haɗi na saiwa da sinadarin zinki wanda ke cin nama, suna kiransa maganin asali da ba ya buƙatar wuƙa. Ƙuna ce tsagwaronta, ba a san zurfinta ba, kuma ba ta barin naman da za a kai ɗakin gwaji a duba ko an cinye cutar duka ko an rufe ta da tabo. Su kuma matsi da sirace da ɗurar wanke ciki ta farji, ba su iya kaiwa ga ƙwayar da ke zaune cikin ƙwayoyin halittar nama. Abin da ɗurar wanke ciki ke iyawa shi ne korar ƙwayoyin kirki da ke gadin farji suna riƙe tsaminsa, ta buɗe ƙofa ga wasu cututtukan. A nan sai in ɗan ratse: ba kowane ruwa ko ɗigon jini ne HPV ba. Akwai kumburin bakin mahaifa da ciwon sanyi irin na saduwa ke kawowa, wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ke warkarwa cikin kwanaki idan an haɗa da miji, in an bar shi kuma ya haura ya toshe hanyar ƙwai. Akwai jan da ake gani a bakin mahaifar 'yan mata da masu ciki wanda ba cuta ba ne sam. Akwai ɗan tsiro mara illa da ake cirewa a zama ɗaya. Alamunsu duk kama suke da juna, kuma mai ba da magani ta waya bai ga ko ɗaya ba.

Amma rashin adalci ne a ɗora laifin duka a kan masu talla. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mace ta tara ƙarfin hali ta kwanta a kan gadon gwaji, abin da yake da nauyi ga kowace mace a ko'ina, sai a miƙa mata takarda mai haruffa uku, a ce ta dawo bayan wata shida, ba wanda ya zauna ya yi mata bayani. Ta fita da tambayoyi uku a zuciya: mutuwa zan yi, za a cire mini mahaifa, mijina ne ya ci amanata ko ni za a zarga? Mai sayar da ganye yana da lokacin sauraron dukkan ukun, yana amsa saƙo da tsakar dare, yana kiranta 'yar'uwa. Ma'aikacin lafiya da ya kasa ba ta minti biyar, shi ya raka ta har ƙofar wancan. Ga shi kuwa amsoshin ba su da wuya. Samun HPV ba sankara ba ne. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru masu yawa kafin gwaji ya gan ta, saboda haka ganinta yau ba hujja ba ce a kan kowa, kuma auren da ya mutu a kan wannan takarda ya mutu a kan jahilci. Mahaifa kuwa ba a cika taɓa ta ba a wannan mataki.

Ya kamata a riƙa faɗa wa mata ainihin abin da ake yi, domin tsoron abin ya fi abin girma. Idan wurin ƙarami ne kuma ana ganinsa duka, ana ɗora masa kan wani ƙarfe mai zafin maki 100 a ma'aunin Salshiyos na ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi da iska mai tsananin sanyi. Ba a sa barci, mace da ƙafarta take komawa gida, za ta ga ruwa na wasu makonni, a ce ta dakata da saduwa kamar wata guda. Idan ya fi haka faɗi ko ya shiga ciki, ana amfani da wata siririyar waya mai lantarki a yanke ɗan wurin bayan an yi allurar kashe zafi, aikin da ake kira LEEP, kuma naman da aka cire ana kai shi a duba. Kusan tara cikin goma ba sa buƙatar a sake. Yana da illa? Yana da ita, kuma ɓoye ta ne ke sa a daina yarda da likita. Yankan yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, kuma gwargwadon zurfin yankan gwargwadon haɗarin. Saboda wannan ne likitoci da kansu suka rage saurin yanka: mataki na farko akasari sa ido kawai ake yi, mataki na biyu ma a jikin matashiyar da ke son haihuwa ana iya jira ana dubawa duk bayan wata shida. A wannan zaman jira ne gyaran abinci da barin taba da samun barci suke da muhallinsu, kuma ba ni da ja da macen da ta ce za ta yi duk wannan. Sharaɗina biyu ne: ta gaya wa likitanta duk abin da take sha, kuma ranar komawa ta koma, ko da tana jin kanta garau. Jiran da likita ya tsara yana da ranar ƙarewa da idon da ke kallo, na mai talla ba shi da ko ɗaya.

Kunyar gadon gwaji ma an fara samun hanyar kauce mata. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a fara da gwajin ƙwayar HPV kanta, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10, masu HIV kuma daga shekara 25, duk bayan 3 zuwa 5. Wannan gwaji mace tana iya ɗaukar samfurinsa da kanta da ɗan tsinken auduga a bayan labule. A ƙauyukan Osmanabad na Indiya, yin sa sau ɗaya tak ya rage mace-mace da kusan rabi. Gwamnatin da ta kawo wannan kusa da mata ta fi wadda ke ta gargaɗi a rediyo rage wa masu talla ciniki.

Abin mamaki, cikin masu cewa a bar garkuwar jiki ta yi aikinta ake samun masu tsananin ƙin allurar rigakafin HPV, alhali babu abin da allurar ke yi illa koya wa garkuwar fuskar maƙiyi tun kafin ya iso. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, kwaikwayon ɓawonta ne kawai, fasahar da Ian Frazer da Jian Zhou suka fara a Ostireliya a 1991. An fara amfani da ita a 2006. A Suwidin an bi mata kusan miliyan 1.7, waɗanda aka yi wa kafin shekara 17 haɗarinsu na kamuwa da sankarar ya ragu da kashi 88 cikin 100. A Ingila an samu raguwar kashi 87 a tsakanin waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13. Japan kuwa, da jita-jita a kan illar allurar ta yi ƙarfi a 2013, gwamnati ta janye kiran da take yi, yawan masu karɓa ya faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da 1, ba a dawo da kiran ba sai 2022 bayan bincike bai tabbatar da zargin ba, kuma 'yan matan da aka tsallake a tsakani su za su biya. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa ake yin ta tun shekara 9 zuwa 14.

Inda maganar ta fi zafi shi ne idan sankarar ta riga ta tabbata. A nan ne iyali ke ruɗewa, kowa ya kawo nasa, wannan ya ce a hana ta nama da sukari don a kashe cutar da yunwa, wancan ya ce gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, shi ne ke kashe mutane. Masu bincike a jami'ar Yale sun duba marasa lafiya masu sankarar da ake iya warkarwa, iri huɗu da ba su haɗa da ta bakin mahaifa ba, suka ga waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya shi kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. A Amurka, idan an kama sankarar bakin mahaifa tana wurinta, kimanin mata tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar, idan ta bazu zuwa nesa kuwa kimanin biyu. Watanni shida da aka ɓata ana gwada jiƙo suna iya zama tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu. Tun 1999 aka tabbatar haɗa gashi da maganin kemo mai suna cisplatin yana rage mutuwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kuma ana so a kammala gashin duka cikin mako takwas, don kowane jinkiri yana ba wa cutar damar farfaɗowa.

A nan ne kuma abinci yake da aiki mafi girma, akasin yadda ake tallarsa. Mace mai wannan cuta ta daɗe tana zubar jini, tana zuwa asibiti da ƙarancin jini, kuma an lura masu ƙarancin jini gashi bai cika yi musu aiki yadda ya kamata ba. Gashin da kemo suna kawo gudawa da tashin zuciya da ƙin abinci, ta rame, ranar da za a sa mata magani a auna jininta a ce bai kai ba, a ɗage, mako takwas ya zama goma sha biyu. Wadda aka hana nama da ƙwai da madara da sunan yunwatar da cuta, ita aka yunwatar, ita kuma za a mayar gida ranar. Mai son taimaka mata da abinci ya dafa mata abin da zai gina jiki ya ƙara jini, kaɗan kaɗan sau da yawa a yini, ya tabbatar tana shan ruwa, ya kuma kwashe duk kwalaben da 'yan dubiya suka kawo ya kai wa likita ya duba kafin ta kai ko ɗaya baki.